Kwana Biyar a Bencin Baya na Aji Huɗu

Tun ƙarfe bakwai nake tasha a Kano, amma motar ba ta cika ba sai wajen goma. Muka bi ta Kwanar Dangora da Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, inda hira take mutuwa a mota kowa ya koma salati a zuci, sannan muka tsaya a Saminaka muka yi azahar. Daga Jengre hanya ta fara hawa. Nan wata tsohuwa da ke gefena ta zaro mayafi mai kauri daga jaka ta ɗora a kan na jikinta, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, in ba ka zo da rigar sanyi ba, ka nemi ta saye tun kafin magariba." Watan Janairu ne. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, kuma wanda bai taɓa kwana a cikinta da hunturu ba bai san sanyin ƙasar nan ba.

Ni na san shi, don a garin aka yanke mini cibiya. Aikin kuza ne ya kawo kakanmu daga ƙasar Kano, kamar ɗimbin Hausawan da suka cika Jos da Bukuru a zamanin kamfanonin Turawa. A nan na yi firamare. Bayan rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba 2001, mahaifinmu ya kwashe mu muka koma Kano, aka bar Yaya ita kaɗai, domin a lokacin tana ɗakin mijinta. Yau shekararta ashirin da ɗoriya tana koyarwa a firamaren gwamnati a Jos ta Arewa.

Ita ce sanadin tafiyar. Wata rana muna waya ina ta zayyana mata yadda ilimi ya lalace, ina kawo alƙaluman da na karanta, ta bar ni har na kai aya. Sai ta ce, "Auta, duk na ji. Amma ka zo ka zauna a ajina mako guda, sai mu ƙarasa maganar." Maganar ta tsaya mini a rai wata da watanni, har na ɗauki hutu na taho.

Na sauka a Farin Gada, cikin ƙamshin kabeji da karas da dankalin Turawa, na hau keke zuwa gidan Yaya. Gaisuwa da abinci da hirar 'yan uwa suka cinye daren Lahadi. Asubar Litinin ce ta fara nuna mini abin da na zo gani.

Kafin a kira sallah Yaya ta hura gawayi a kurfoti ta ɗora tukunyar ruwa. Ruwan da ya kwana a bokiti a tsakar gida ba ya taɓuwa. Autanta, ɗan aji biyu, ya tsuguna gefen wuta yana miƙa tafukansa, yana biya haddar da za a karɓa a Islamiyya da yamma, haƙoransa suna karo da juna. Aka yi masa wanka da ruwan da bai fi rabin bokiti ba, aka mulke shi da basilin tun daga goshi har diddige, aka sa masa singileti, da riga, da yunifom, da suwaita, da hular sanyi, da safa biyu. Wannan ɗan malama ke nan, wanda ubansa yake da shago. Da muka fito hanya na ga sauran. Yara tuli, ƙafafu fari fat da kaushi, diddige duk faso, leɓe a tsage, wasu da silifas ba safa, sun cusa hannuwa a hammata suna tafiya a duƙe. Mai hali ya sa suwaitar gwanjo ta kasuwar Katako, wadda hannunta ya wuce yatsunsa. Marar hali ya ninka rigar gida a ƙarƙashin yunifom. Wata yarinya ta yafo zanin uwarta a kan hijabi. Hazo ya rufe duwatsun da ke bayan unguwa, ba ka ganin komai sai inuwarsu.

Keke-keke suna wuce mu cike da 'yan makarantun kuɗi, yara takwas ko tara a keke ɗaya, jakunkuna a rataye a baya. Yaya ta ce sun ragu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin keke da na abinci suka yi sama, iyaye da yawa suka ciro 'ya'yansu daga makarantun kuɗi suka kawo su na gwamnati. Ajinta ya ƙaru da yara kusan ashirin a zango biyu, benci kuwa ko ɗaya bai ƙaru ba.

Ƙararrawar makarantar ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a bishiyar mangwaro, irin dai wadda na sani tun ina yaro. Kafin a buga ta yara sun yi shara, ƙura ta tashi ta haɗu da hazo, kowa yana tari. Aka yi layi aji-aji, aka duba farce, aka yi addu'a, aka rera taken ƙasa. Ba wanda muka rera a zamaninmu ba ne. A watan Mayun 2024 aka dawo da tsohon take na lokacin samun 'yancin kai, wanda aka ajiye tun 1978, kuma Yaya ta ce sai da malamai suka zauna a ofis suka koye shi daga waya kafin su koya wa yara. 'Yan latti suna durƙushe a bakin ƙofa. Na lura Yaya ta je ta ɗaga uku daga cikinsu ta ce su wuce aji. Da na tambaye ta, ta ce ɗaya sai ya yi sawu uku na ɗiban ruwa kafin ya fito, ɗaya ita ke kai wa uwarta koko bakin titi, na ukun kuma daga bayan dutse yake takowa. "Wanda ya makara don barci na san shi, wanda ya makara don aiki na san shi. Bulalarsu ba ɗaya ba ce."

Hedimasta ya yi mini izini, aka ba ni gefen benci a can baya. Sunaye 94 ne a rajistar aji huɗu, ranar 81 suka amsa. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35. Na ƙirga benci 16, kowanne an yi shi don yara uku, yanzu huɗu ko biyar ne a kai, gwiwa na gugar gwiwa, mai rubutu da hagu yana faɗa da maƙwabcinsa. Sauran suna ƙasa a gaban allo. Simintin ya farfashe, kuma da sanyin nan zama a kansa azaba ce, saboda haka kowane ɗan ƙasa yana da guntun buhu ko kwali da yake naɗewa ya sa a jaka in an tashi. Tagogi biyu ba su da murfi, an toshe ɗaya da kwali. Ta ɗayar, wajen ƙarfe tara, rana take shigowa ta zana wani fili mai faɗin tabarma a ƙasa. Wannan filin shi ne wuri mafi daraja a ajin. Yaya ba ta bar shi ga mai ƙarfi ba. Kullum takan duba ta zaɓi waɗanda ba su da suwaita ta ce su koma nan, kuma yayin da ranar take matsawa su ma suna jan buhunansu suna bin ta, a hankali, ba tare da sun ɗauke ido daga allo ba. Na daɗe ina kallon wannan. A kwana biyar ɗin da na yi ban ga wanda ya yi gardama a kan wurin ba.

Darasin Turanci aka fara. Littafin karatu guda ɗaya ne, na malama, don haka ta kwafe jimla biyar a allo. Allon bango ne da aka shafa wa baƙi, yaran ne suke sabunta shi da gawayi da ɗanyen ganye duk ranar Juma'a. Ta ɗauki tsumagiya tana nunawa tana karantawa, aji yana amsawa, murya tamanin a haɗe har kwanon rufi yana amsa kuwwa. Sau uku, sau huɗu, sau biyar. In ka tsaya a waje ka ji su, sai ka ce ajin nan ya iya karatu.

Akwai wata yarinya mai jan suwaita a layi na biyu, ba za ta wuce shekara goma ba, muryarta ta fi ta kowa fita. Ita ke jan baki, kafin tsumagiya ta sauka a kan kalma ta riga ta faɗe ta. Na ce a raina wannan ita ce zakarar ajin. Da aka ba su aikin kwafa, Yaya ta yafito ni, ta kira yarinyar gaban allo ta ce, "Gai da kawunki." Ta durƙusa ta gaishe ni. Yaya ta miƙo mini tsumagiyar ta ce in nuna mata kalmar da na ga dama. Na tsallake zuwa tsakiyar jimla ta uku na ɗora a kan wata gajeriyar kalma mai harafi uku. Yarinyar ta dubi kalmar. Na ga leɓenta yana motsi, ashe komawa ta yi farkon jimla ta ɗaya tana biyowa a zuci, tana ƙirgawa, don ta iso inda tsumagiyar take. Ta ɓace a hanya. Ta sunkuyar da kai, ta fara murza bakin suwaitarta. Yaya ta dafa kanta ta ce, "Je ki zauna, 'yata, ba laifinki ba ne."

Shekara huɗu yarinyar nan tana zuwa makaranta, cikin sanyi da damina, ba ta fashi. Hadda take yi, ba karatu ba, kuma haddar tata mai kyau ce har ta rufe idon duk malamin da ta wuce ta hannunsa. A 2022 Bankin Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Na san wannan adadin, ina cikin masu yawan ambatonsa. Amma ban taɓa riƙe tsumagiya a kan kalma ina jiran yaro ya faɗe ta ba sai ranar, kuma na ji nauyin abin a ƙirjina har aka tashi. Muna yawan maganar yaran da ba sa zuwa makaranta, waɗanda UNICEF ta daɗe tana cewa sun kai miliyan 10.5 a Najeriya, kuma dole a yi maganarsu. Su kuwa waɗannan sun zo. Iyayensu sun yi abin da aka ce su yi, sun ɗinka yunifom, sun hana kansu ribar tallan safe. Wanda ya zo aka sallame shi hannu rabbana, a wurina, zaluncin da aka yi masa ya fi ciwo, domin shi an yi masa alkawari.

Da aka tashi tara, fili ya cika. Mata masu awara da ƙosai da dafaffen dankali da yaji suna zaune a gindin katanga. Mai naira 100 ya saya, abokai uku su kewaye shi, kowa ya samu ɓari. Da yawa ba su da ko sisi, sai su tafi ƙwallo, wadda leda ce aka dunƙule aka ɗaure da roba. Yaya ta tuna mini shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, na 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro. Ta ce duk ƙanƙantar abincin, ranar da ake raba ƙwai ajujuwa cika suke har ƙofa, kuma yaro ba ya gyangyaɗi bayan tara. Rabon da ta ga tukunyar a makarantarsu har ta manta. Masai biyu ne ga makarantar duka, ɗaya ba ƙofa, ruwa kuma sai wanda yaro ya zo da shi a gora. Manyan 'yan mata na aji shida sukan riƙe har su koma gida, wasu kuma akwai kwanakin da ba sa zuwa sam a kowane wata, kuma malamai mata sun san dalili.

Yaya ba ta fita tara. Yara goma sha biyu suka rage a aji, har da mai jan suwaita. Ta zazzage wata leda a tebur, sai ga marafan kwalbar lemo, kowanne an liƙa masa takarda an rubuta harafi ɗaya. Ta ɗauki "b" ta ajiye, ta kawo "a" ta jingina masa. Ta ce, "Ba'un nan an sa masa fataha. Me zai ce?" Suka ce, "Ba!" Ta cire ta sa "i". "Yanzu kasra ce." Suka ce, "Bi!" Ta sa "u", kafin ta buɗe baki mai jan suwaita ta ce, "Damma ce, Malama. Bu!" Daga nan aka shiga haɗawa: ba-ba, bu-ta, ku-ka, ta-sa, ri-ga. Duk da Hausa. Wanda ya haɗa kalma sai ya tashi ya nuna abin, ko ya kwatanta shi da hannu. Wani yaro ya jera marafai huɗu ya karanta "wuta", ya tsaya, ya sake karantawa, sai ya fashe da dariya ya juya yana neman wanda zai nuna wa.

A hanyar gida na ce, "Yaya, a ina kika koyo wannan? A kwaleji?" Ta ce a'a, wani ɗalibinta ne ya koya mata shekarun baya. Tana fama da shi ya kasa gane wasula, rannan ya dube ta ya ce, "Malama, wai 'a' ɗin nan ba ita ce fataha ba?" Ta ce sai ta ji kamar an buɗe mata taga. Yaran nan kusan dukkansu suna zuwa Islamiyya, da yawa suna buɗe Alƙur'ani su karanta da kansu, sun riga sun san cewa baƙi da wasali in sun haɗu sauti suke bayarwa. Abin da boko ta yi musu shi ne ta haɗa musu kaya biyu a lokaci ɗaya, sababbin haruffa da sabon harshe, harshen da rubutunsa daban furucinsa daban. Ita sai ta raba kayan. Su fara iya haɗa baƙi da harshen da suke mafarki da shi, Turanci ya biyo baya. Mako uku ke nan da ta fara da wannan rukunin, tun da aka dawo hutu.

Shekara da shekaru, kafin gwamnati ta soke tsarin a 2025, manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, amma a makarantar nan ban ga littafin karatu na Hausa ko ɗaya ba. Kuma maganar a Jos ba ta da sauƙi kamar a Kano. Hausa ce harshen kasuwa da na keke da na filin ƙwallo, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita ake waƙa a coci-coci da yawa. Amma Birom da Anaguta da Afizere da sauran al'ummun Filato suna da harsunansu, kuma uban da yake tsoron kada harshen kakanninsa ya ɓace a bakin ɗansa yana da gaskiyarsa. Su kansu iyaye Hausawa Turanci suke so su ji a bakin yaro, shi ne shaidar cewa kuɗin littafi bai tafi a banza ba. Shi ya sa Yaya take yin nata darasin a lokacin tara, da marafan kwalba, ba a cikin jadawali ba.

Ranar Laraba na zauna da hedimasta a ofishinsa, ɗaki ɗaya da kabad ɗin ƙarfe da tarin rajistoci. Dattijo ne Kirista, ɗan asalin Filato, saura masa kaɗan ya yi ritaya, Hausarsa tas. Na ce, "Baba, ba doka ta ce karatun nan kyauta ne ba?" Ya ce haka ne, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta kuma dole. Hukumar UBEC, mai kula da ilimin bai-ɗaya, tana samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha kuma sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na Abuja. "Wannan na gini ne da benci, in rabo ya zo kanka. Amma alli fa, ɗana? Takardar jarrabawa fa? Kwanon da iska ta yaye fa?" Daga ɗan abin da ƙungiyar iyaye da malamai ta tara ake yin su, in bai isa ba malamai su yi karo-karo daga albashin da shi ma ba ya kai su ƙarshen wata. Uwa mai 'ya'ya biyar kuwa, yunifom biyar da takalmi biyar da littattafan rubutu da kuɗin tara sun isa su sa ta zaɓi wanda zai je da wanda zai ɗauki faranti.

Sai ya jawo wata tsohuwar rajista, ta shekarun 1990, bangonta ya ci gyara da salatif. Ya buɗe ya juyo mini ita ya ce in karanta. Sunayen Musulmi da na Kirista a cakuɗe, layi bayan layi, har da na Ibo da Yarbawa. Ya buɗe ta bana. Shafi uku na bi ban ga sunan Kirista ba. Ya ce in na haura wasu unguwannin zan tarar da akasin haka. Bayan rikice-rikicen 2001, da 2008, da 2010, mutane suka yi ta sayar da gidaje suna komawa inda nasu suka fi yawa, makarantu kuma suka bi unguwanni. Shi kansa kullum da keke yake shigowa, kuma ya ce iyayen yaran ba su taɓa nuna masa komai ba sai mutunci.

Na yi shiru, domin na tuna abokin bencina. Birom ne, tun aji uku har shida muna tare. A gidansu na fara shan gwate, uwarsa tana zuba mini ba tare da ta tambayi ko na ci abinci ba. Da sallah shi ke raka ni yawo, da Kirsimeti a aiko mana da shinkafa. Ranar da muka bar garin ban samu na yi masa sallama ba, kuma har yau ban san inda yake ba. Manya suna haɗuwa a Farin Gada da Taminus, ciniki yana haɗa su ko suna so ko ba sa so, kuma garin ya fi shekarun baya kwanciya nesa ba kusa ba. Amma yaro a benci yake sanin mutum. Autan Yaya, da na tambaye shi ko yana da aboki Kirista, ya yi tunani sosai sannan ya ce, "Kawu, hedimasta."

Makarantun kuɗi kuwa sun cika kowane lungu, wasu a shago, wasu a gidan haya da aka ɗora wa bene. Ba na zargin uban da ya kai ɗansa can, don ya ga aji mai yara 94. Amma mutanen Jos ba su manta da ranar Juma'a 12 ga Yulin 2024 ba, da benen wata makarantar kuɗi ya rufta a Busa Buji yara suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Wata maƙwabciyar Yaya ta ce mini tun daga ranar, in ta raka 'yarta makaranta, sai ta tsaya ta ɗaga kai ta dubi bangon kafin ta saki hannunta.

Akwai wani suna da Yaya take kira kowace safiya ba a amsawa. Ranar Alhamis wani ya ce, "Malama, ya bi yayansa haƙar kuza." Wajen Bukuru suka tafi, inda matasa suke shiga ramuka suna fito da ƙasa, mata da yara suna wankewa a bakin kududdufan da tsofaffin kamfanoni suka bari. Yaro yakan samu a rana abin da ubansa bai ba shi a wata ba. Aikin da ya kawo kakanmu garin shi ne yake ɗauke jikokin wasu daga aji. Na ce ko za ta soke sunan. Ta ce ba ta soke suna. Ta sa masa ɗigo da fensir ta wuce na gaba. Wasu sukan dawo da damina in ramuka sun cika da ruwa.

Tashi daga boko ba hutu ba ne. Yaro ya dawo wajen ƙarfe biyu, ya ci abin da ya samu, ya yi aike ko wanke-wanke, ƙarfe huɗu yana Islamiyya har kusan magariba. Da daddare aikin gida a ƙarƙashin fitilar sola ko hasken wayar uba, in ba barci ya riga ya kwashe shi ba. Yaya ma haka. Bayan isha'i takan baje littattafai tamanin a tabarma, ta sa tabarau, tana bi da jan biro, ƙafafunta a cikin bargo. Daren Alhamis na karɓi rabi na taya ta. A nan muka ƙarasa maganar da muka fara a waya, ko in ce ita ta ƙarasa, don ni ban ce komai ba. Ta ce, "Auta, goma sha biyu nake iya ɗauka a zango. A ajin nan waɗanda ba su iya haɗa baƙi ba sun fi hamsin. Kullum in na zaɓi sha biyu, sai na ga idon sauran."

Ranar Juma'a da wuri ake tashi. Na yi sallama da ajin, suka miƙe gaba ɗaya suka yi mini a sauka lafiya da murya ɗaya. Bayan la'asar na fita sayen tsaraba, don motar asuba zan bi. Ranar babu Islamiyya. A bakin wata kwana na ji an ce, "Kawu, ina wuni." Mai jan suwaita ce, da farantin awara a gabanta da robar yaji. Na amsa na tsuguna na ce ta zuba mini ta ɗari biyu. Tana ƙirgawa na hango bangon da ke tsallaken hanya, an yi rubutu a kai da baƙin fenti. Na ce, "'Yata, me aka rubuta a can?"

Ta ajiye cokalin. Ta ƙanƙance ido, ta ɗaga yatsa tana bin haruffan daga nesa. "A... na. Ana." Ta dube ni, na gyaɗa kai. "Sa... ya..." Ta tsaya. Harafin ƙarshe ba shi da wasali, kuma ba su kai nan ba a darasin marafai. Leɓenta ya yi ta motsi. Keke biyu suka wuce suka tare mata bangon, ta leƙa ta gefensu. Can ta ce, a hankali, kamar mai tambayar kanta, "Ɗauri ne. Sa-yar. Sayar." Sauran ta bi su da gudu: "Da ga-wa-yi a nan. Ana sayar da gawayi a nan!" Ta juya ta dubi buhunan gawayin da ke jingine a gindin bangon, waɗanda kullum take zama tana kallo, ta sake duban rubutun.

Wani mai gyaran takalmi daga can gefe ya ƙwala kira, "Ke mai awara!" Ta ƙulle mini tawa a leda, ta karɓi kuɗin ta cusa a aljihun suwaita, ta ɗora farantin a ka ta tsallaka.